Jirgin Yaƙi Ba Ya Gane Ɗan'uwa Sai An Nuna Masa

Ga magana bisa wani al'amari wanda ya shafi mutanen ƙasar Yawuri, tun daga Shanga har Ngaski, da dukan mazauna gaɓar Tafkin Kainji. Duk wanda ya ke zaune a wannan yanki ya saba da ƙugin jiragen yaƙi, gama sansaninsu yana can kudu, wajen Sabuwar Bussa, inda Gwamnati ta ajiye jiragen nan 12 da a ke kira Super Tucano, waɗanda suka iso daga Amurka cikin 2021. In ƙugin ya taso da hantsi, masunci ya kan ɗaga kai daga cikin kwalekwalensa, manomin albasa ya dafa fartanya ya dubi sama, kowa ya ce Allah ya ba su sa'a. Addu'a ce mai kyau, ta kuwa dace. Amma akwai wadda ta kamata ta biyo bayanta, watau Allah ya sa su gane wanda su ke nema, domin wanda ya ke bisa ba ya rarrabe ɓarawo da mai bin sawun ɓarawo sai an nuna masa.

Ba mai hankalin da zai ce a daina tashin jiragen nan. Mutanen Ngaski ba su manta da ranar Alhamis, 17 ga Yuni 2021 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka faɗa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da rana kata, suka kwashi 'yan makaranta da malamansu, suka nufi daji. Soja suka bi sawu ta ƙasa, jirage suna taimakonsu ta sama, aka ƙwato waɗansu. Waɗansu 'yan matan kuwa ba su sake ganin gida ba sai cikin 2023. Cikin Maris 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, ƙasar Zuru, maƙwabciyar Yawuri, aka kashe fiye da 60 a tashi ɗaya. Cikin Nuwamba 2025 kuma aka sake kwashe 'yan makaranta a Papiri, ƙetaren kogi, cikin ƙasar Agwara. Mutanen da su ke zuwa bisa babura birjik, kowa da bindiga mai sarrafa kanta, ƙauye ba ya iya tare su da bindigar toka. Saboda haka kowane dagaci, in abu ya ɓaci, kukan da ya ke yi shi ne a turo jirgi. To, a nan hatsarin ya ke, gama sa'ar da a ke kiran jirgi ita ce sa'ar da na gida da na daji su ke bisa turba ɗaya.

Abin da ya auku a Tungar Kara, ƙasar Maradun ta Jihar Zamfara, cikin Janairu 2025, ya isa misali. 'Yan bindiga suka kai hari, 'yan sa-kai da mutanen ƙauyukan kewaye suka fito kai gudummawa, kamar yadda aka gada tun kaka da kakanni in an ji yekuwa. Jirgi ya iso, ya hangi ayarin mutane da makamai, ya zaci su ne waɗanda aka kira shi dominsu, ya sakar musu wuta. Aƙalla mutum 16 suka rasu, Gwamnatin Zamfara kuma da bakinta ta tabbatar da cewa a cikinsu akwai 'yan sa-kai da aka yi wa zaton ɓarayi. Mutanen nan yaƙin Gwamnati suka fito taya ta, makamin Gwamnati kuwa ya kwantar da su. Kada a ce don ba su sa kayan sarki ba ne. Ran 25 ga Afrilu 2021, a Mainok, bisa hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, sa'ad da mayaƙan ISWAP suka far wa sansanin soja, labari ya bazu ko'ina cewa jirgin da ya zo agaji ya buɗe wa motar soja wuta, har Rundunar Mayaƙan Sama ta yi shelar za ta bincika. In soja mai kaki da mota mai lamba bai tsira ba, ina ga ɗan sa-kai mai rawani bisa babur?

Ya kamata mai karatu ya san yadda aikin ya ke, don kada ya ɗora wa matuƙi laifin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Taimakon mayaƙan ƙasa daga sama, sa'ad da su ke gab da abokan gaba, shi ne mafi wuya cikin ayyukan jirgin yaƙi. Matuƙi yana gudu kilomita ɗaruruwa a sa'a guda, mutane a idonsa kamar tururuwa su ke. Madubin da ya ke duba ƙasa da shi yana nuna masa babur da bindiga da garken shanu, amma ba ya nuna masa niyya. Mai korar shanun sata da wanda ya ƙwato shanun yana komowa da su gida, hotonsu ɗaya ne. Don haka ka'idar wannan aiki ko'ina cikin duniya ita ce a sami wani horarre a ƙasa, tare da mayaƙan, riƙe da wayar iska. Shi zai gaya wa matuƙi inda nasa su ke, da inda abokan gaba su ke, da nisan da ke tsakani, in ta kama ya yi alama da hayaƙi. Matuƙi ya maimaita masa abin da ya ji, sa'an nan ba zai saki bom ba sai na ƙasa ya ba shi izini. In babu wannan mutum, ko yana nan amma lissafinsa ya goce, to, abin da ya rage zato ne.

Ko Turawan da suka ƙera jiragen, da dukan na'urorinsu, ba su kuɓuta ba. Cikin Yuli 1944, a Normandi ta ƙasar Faransa, jiragen Amurka suka zuba bama-bamai bisa nasu sojan, ƙura da hayaƙi sun rufe alamun da aka sa, fiye da 100 suka mutu rana ɗaya, har da babban hafsa Janar Lesley McNair. Ran 5 ga Disamba 2001 kuma, arewa da Kandahar a Afganistan, wani sojan Amurka ya auna wurin abokan gaba da na'urar da ta ke karɓar lissafin wuri daga tauraron ɗan Adam. Batir ya mutu, ya sake wani. Ashe ita na'urar, in an sake mata batir, sai ta koma tana nuna wurin da mai ita ya ke tsaye. Ya karanta wa jirgi lambobin, jirgi kuwa ya jefa bom daidai inda aka ce. Sojan Amurka 3 suka mutu tare da waɗansu 'yan ƙasar da ke yaƙi tare da su, Hamid Karzai ma ya ji rauni, a ranar da aka zaɓe shi shugaban riƙon ƙwarya. Bom bai yi kure ba, inda aka aike shi ya tafi. Saƙon ne ya ɓaci tun daga ƙasa.

A Nijeriya ma babban kuskuren da aka fi tunawa daga ƙasa ya faro. Ran 17 ga Janairu 2017 jirgi ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, ƙasar Kala Balge, kusa da iyakar Kamaru. Hukumar soja ta ƙirga mutum 112 da suka rasu, a cikinsu akwai ma'aikatan agaji 6 na Red Cross. Da aka gama bincike, Hedkwatar Tsaro ta ce dalili shi ne ba a sa alamar sansanin bisa taswirar da a ke aiki da ita ba. Dubban mutane suna zaune a fili, suna girki suna shanya, amma a takardar da ke gaban mai ba da umurni wurin daji ne! Wannan al'amari ne ya sa Gwamnatin Amurka ta wancan lokaci ta dakatar da cinikin jiragen nan na Super Tucano, sai daga baya aka sake ɗaura shi. Watau su kansu jiragen da ke Kainji yau, jinin mutanen Rann yana cikin tarihin zuwansu.

To, mai hankali ya ɗauki maganar taswirar nan ya aza ta bisa gaɓar Tafkin Kainji. Tun da aka gama madatsar ruwa cikin 1968, aka tashi mutum fiye da 40,000 daga tsibirai da ƙauyukan da ruwa ya ci, zaman mutanen wannan yanki bai daina motsi ba. Ruwa biyu a ke yi a shekara: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa wanda ya ke tasowa tun daga duwatsun Gini, ya iso da hunturu. In tafki ya cika, gaɓa ta matso. In ya janye da bazara, ƙasa ta buɗe, manoma su sauka da bukkokinsu, Sarkawa da Gungawa su bi kifi su kafa tunga inda jiya ruwa ne, makiyaya su gangaro da shanu neman ɗanyar ciyawa. Tungar da ta ke da mutum hamsin a wannan wata, wata uku nan gaba ba ko toka. Wace taswira ce aka zana a Abuja wadda ta san wannan? Bukkokin ciyawa a wurin da takarda ta ce ba kowa, da hayaƙin bandar kifi yana tashi, da babura biyu uku a gindin itace, da shanu a gefe: wanda bai san ƙasar ba, in ya hango daga sama, me zai ce ya gani in ba sansanin ɓarayi ba? Haka kuma kwalekwale goma sha wani abu da suka taso a jere da asuba za su kasuwar Wara ko ta Yelwa.

Taron jama'a da dare shi ma haka. Daren Lahadi, 3 ga Disamba 2023, mutanen Tudun Biri, ƙasar Igabi ta Jihar Kaduna, suna zaune wurin Mauludi, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya jefa musu bom. Waɗanda suka tsira suka ruga ɗaukar 'yan'uwansu, aka sake jefa na biyu. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85, da yawansu mata ne da yara. Ba Mauludi kaɗai a ke taruwa dominsa da dare ba a ƙasar Yawuri: akwai biki, akwai walimar saukar karatu, akwai bukukuwan Kambari da na sauran ƙabilu bayan girbi, akwai addu'ar dare ta Kirista. Ko wanne a cikinsu, ga idon na'ura, taro ne kawai.

Sai a duba abin da Shari'a ta ce, gama wannan ba sabon abu ba ne a wurinta. Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, an bar wani dattijo, Alyamanu, mahaifin Huzaifa, tare da mata da yara saboda tsufansa. Zuciyarsa ba ta ba shi zama ba, ya ɗauki takobi ya biyo rundunar. Ya iso daidai lokacin da sahu ya rikice, Musulmi suka sare shi ba su san shi ba ne, Huzaifa yana kira yana gaya musu ubansa ne, amma aikin gama ya gama. Huzaifa ya roƙa musu gafara. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nufi biyan diyya, Huzaifa ya bar ta sadaka ga Musulmi. Masu wa'azi su kan kawo wannan ƙissa don su nuna falalar yafewa, gaskiyarsu kuwa. Amma a lura da yadda abin ya jeru. An san wanda aka kashe, an san hannun su wa, shugaba ya tsayar da haƙƙi ya miƙa, sa'an nan mai haƙƙi ya yafe don kansa. Ba a zo masa da ayarin motoci aka ce ƙaddara ce, ya yi haƙuri ba. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda hannunsa ya yi ɓarna ba shi ne zai karanta wa maraya babinta ba.

Ƙissa ta biyu ta fi wannan kusa da halin da a ke ciki. Bayan buɗe Makka, shekara ta 8, aka aiki Halidu ɗan Walidu wurin Banu Jazima, aka kashe mutane a cikinsu bisa kuskuren fahimtar abin da suka faɗa. Da labari ya iso, Manzon Allah ya barranta daga wannan aiki a bainar jama'a, ya aiki Sayyadina Aliyu da dukiya. Ya biya jini, ya biya kayan da aka ɓata, malaman tarihi suka ce har kaskon da kare ya ke sha a ciki sai da aka biya. Abin da ya saura a hannunsa ya bar musu, ko da akwai asarar da ba a tuna ba. Duk da haka Halidu bai daina jan runduna ba, rundunar kuma ba ta karye don shugabanta ya amsa kuskure ba. Wannan ya isa amsa ga hafsoshin da su ke tsoron in sun amsa, zuciyar soja za ta mutu. Marigayi Janar Taoreed Lagbaja, Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa na wancan lokaci, ya je Tudun Biri da ƙafarsa ya ba da haƙuri, cikin Mayu 2024 kuma aka yi shelar za a gurfanar da mutum biyu gaban kotun soja. Ba abin da ya ragu ga soja saboda haka. Abin da ya ke cin mutuncinsu shi ne a kwana uku ana musu, alhali kaburbura suna nan ɗanye.

Hukuncin kisan kuskure yana cikin Suratun Nisa'i, littattafan Malikiyya da a ke karantawa a kowane zaure kuma sun yi bayaninsa. Ba kisasi, amma akwai diyya da kaffara. Diyya raƙumi 100 ce ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinariya, dirhami 12,000 ga masu azurfa, a biya cikin shekara uku. Dinari dubun nan ya haura kilo huɗu na zinariya. Mai son sanin kuɗinsa ya tambayi 'yan kasuwa farashin yau, zai ga ran ɗan Adam ba abin buhun shinkafa ba ne. Ba shi mai kuskuren kaɗai a ke ɗora wa ba, danginsa su ke ɗauka tare da shi. Muhtasar na Shehu Halilu ma ya gabatar da mutanen diwani, watau waɗanda sunansu ke cikin littafin albashi ɗaya da nasa, in kuwa ba kowa sai Baitulmali. Ashe tun tuni malamai suka gano cewa kuskuren soja bashi ne bisa rundunarsa da taskar hukuma. Bayan Tudun Biri 'yan Majalisar Dattawa sun yi karo-karo, gwamnoni sun ba da gudummawa, Gwamnatin Tarayya ta ɗauki alkawarin sake gina ƙauyen. Allah ya saka. Sai dai gudummawa kyauta ce, mai ba da ita shi ya ke yanke yawanta, ya ke kuma jiran godiya; diyya kuwa haƙƙi ce, tana da adadi, a raba ta ga magada bisa rabon gado, da sunan kowane mamaci. Ya kamata Majalisar Tarayya ta kafa doka wadda za ta yanke wannan adadi, ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba, don kada biya ya zama sai inda 'yan jarida suka yi ihu.

Amma rigakafi ya fi komai sauƙi, yana kuma hannun mutanen ƙasa. Masarautar Yawuri tana da abin da ba wani tauraron ɗan Adam da ya ke da shi: hakimai, da dagatai, da masu unguwa, da sarakunan ruwa, da arɗaɗɗan Fulani, waɗanda suka san wanda ya kafa bukka jiya da wanda ya tashi. A zamanin En'e da irin wannan tsari aka riƙa ƙirga masu haraji da shanun jangali. In an iya ƙirga saniya don karɓar kuɗi, an iya ƙirga tunga don tsare rai. A rubuta kowace tunga da ruga da mashigin jirgin ruwa, da ranakun kasuwanni, samarin da suka iya waya su ɗauki lambobin wurin, a kai wa sansanin Kainji da rundunar da ke tsaron jihar. Mai shirin taro da dare ya gaya wa dagaci tun da kwana biyu, dagaci ya aika gaba. Ita kuma hukumar soja ta sa hafsa guda sananne, mai jin Hausa, wanda wayarsa ba ta mutuwa dare da rana, gama saƙon da zai bi ta ofis huɗu kafin ya kai kunnen matuƙi ya zama ta'aziyya.

Babbar magana ita ce ta 'yan sa-kai. Kada ayari ya fita bin sawu sai shugabansa ya faɗi yawansu, da hanyar da za su bi, da alamar da za su ɗaga in sun ji jirgi; a riƙa sake alamar kuma, don ɓarayi ma suna da ido. Inda hali ya yi, a haɗa su da soja mai wayar oba-oba. Wannan yana da wani amfanin na biyu wanda ba a so a faɗa: ayarin da hukuma ta san fitarsa ba ya iya ratsewa ya afka wa rugar da ba ruwanta, abin da ya sha faruwa a ƙasashen Zamfara da Katsina, ya kuwa ƙara wa wutar nan mai. Haka kuma kada a tashi jirgi bisa maganar mutum ɗaya. Suratul Hujurati ta yi umurni da a bincika labari kafin a cuci mutane cikin jahilci, a ƙasar da rigimar gona da ta mashaya ba ta ƙarewa kuwa, mai ƙullin zuciya yana iya aron bom na Gwamnati ya rama gayyarsa da kiran waya guda.

Za a ce, in an rubuta duk wannan, asiri zai fita ya kai kunnen ɓarayi. Tsoron yana da dalili, masu kai musu rahoto suna nan cikin gari. Amma wurin tunga da ranar kasuwa ba asiri ba ne ga ɓarawo, ya riga kowa sani. Wanda bai sani ba shi ne na cikin jirgi. Abin ɓoyewa ɗaya ne, fitar 'yan sa-kai, ita kuwa ba sai ta bi ta takarda ba: daga bakin shugabansu zuwa kunnen hafsan nan guda, sa'ad da su ke hawa babura. Za a kuma ce jiran tabbaci zai sa ɓarayi su tsere. Lalle wata rana za su tsere. Ɓarawon da ya tsere yau ana iya samunsa gobe, amma ƙauyen da aka binne masa mutum ashirin ba zai sake kiran hukuma ba ko ya ga ɓarayi suna girki a bayan gari. Balle ma inda a ke tsare da mutane, kamar 'yan makarantar Birnin Yawuri: malaman fiƙihu sun yi magana bisa abokan gaba da suka yi garkuwa da fursunoni, ba su kuwa halatta harbi ba sai bisa larura matsananciya.

Aikin rubutun nan ba ya bukatar kwangila, ba ya jiran kasafin kuɗi. Majalisar Mai Martaba Sarkin Yawuri, da shugabannin ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, suna iya zama su fara shi cikin mako guda, su gayyaci na Agwara da Borgu, tun da ya ke ruwan ɗaya ne, masuntan ma ɗaya ne. Sai dai lissafin da aka yi da kaka ba zai yi aiki da bazara ba. A sabunta shi sau biyu a shekara, in baƙin ruwa ya cika da in ya janye, hakimi ya sa hannu bisa na ƙasarsa, kwafi ɗaya ya tafi Kainji, ɗaya Birnin Kebbi, ɗaya ya zauna a fadar Yelwa.